Littafin Hutu a Ƙasar Kaya da Mafara: Nazari Kan Ƙagaggun Labaran da Suka Dace da Lokacin Shaƙatawa

Gabatarwa

A Turai da Amurka, da zarar lokacin zafi ya ƙarato, jaridu kan fitar da jerin littattafan da suke shawartar mutum ya riƙa idan zai tafi hutu. Al'adar ta ginu ne a kan rayuwar ma'aikacin da ke rufe ofis ya yi makonni ba ya aikin komai. Mutumin Kaya, ko Bakura, ko Talata Mafara a Jihar Zamfara, shekararsa ba haka take tafiya ba, amma shi ma yana bukatar abin da zai sanyaya masa zuciya idan ya ajiye fartanya ko ya rufe littafin makaranta. Wannan nazari ya duba abu biyu: lokacin da mai karatu a wannan yanki yake samun sukuni, da kuma irin ƙagaggen labarin Hausa da ya dace da wannan sukuni. Hujjar da ake son kafawa ita ce, littafin da ya fi cancanta a nan shi ne wanda ake iya karantawa a bayyane, cikin jama'a, a ɗan lokacin da aka samu.

Yaushe ake samun hutu?

Dogon hutun makarantu a Nijeriya yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wato tsakiyar damina. A garin manoma, wannan shi ne lokacin da aka fi bukatar hannun yaro a gona: ga maimai, ga zuba taki, ga kiwon awaki don kada su shiga shuka. Idan kaka ta yi, sai girbi da ɗaurin dami da sussuka. A wasu garuruwan ƙasar Hausa rani ne lokacin zama, amma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, da yawa daga mutanen Mafara da Bakura da Maradun sun zama manoman rani, masu shinkafa da albasa da tumatir. Ke nan babu wani wata guda da za a ce duk gari ya huta.

Abin da ake samu gutsattsarin lokaci ne. Akwai tsakar ranar bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke kora kowa gindin bishiya ko cikin zaure har la'asar. Akwai ranar da ruwa ya tsare mutane a ɗaki. Akwai kuma hirar bayan isha'i, musamman bayan an gama kai amfanin gona gida. Mata kuwa nasu sukunin yana tsakanin sauke tukunyar rana da ɗora ta dare. Duk littafin da za a zaɓa wa waɗannan mutane, dole ya zama wanda za a iya ajiyewa bayan rabin sa'a, a dawo masa gobe ba tare da zaren labarin ya ɓace ba.

Ƙasar masu kunne

Abu na biyu da ya kamata a lura da shi shi ne tarbiyyar kunne. Wannan yanki ya fitar da manyan makaɗan fada. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan gidan kiɗa ne da ke da tushe a Kaya ta ƙasar Maradun, Sa'idu Faru kuma daga Faru yake, ita ma a ƙasar Maradun. Jama'ar da ta tashi tana sauraron irin waɗannan mutane ta san daɗin magana, ta san inda karin magana ya zauna daidai da inda aka cusa shi da ƙarfi. Ga shi kuma a gidaje da yawa mutum ɗaya ko biyu ne suka iya karatun boko sosai, saura kuwa da kunne suke shan labari, kamar yadda ake sauraron shirye-shiryen karanta littattafai a gidajen rediyon Arewa.

Daga waɗannan dalilai ma'auni uku suka fito. Na farko, Hausar littafin ta zama mai daɗin fita daga baki. Na biyu, labarin ya kasu gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta ishi zama guda. Na uku, ya taɓa rayuwar mai sauraro ba tare da ya ƙara masa nauyin da yake ɗauke da shi ba.

Rukuni na farko: littattafan zaure

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Manufar hukumar ita ce samar wa sababbin masu karatun boko abin karantawa don nishaɗi, saboda haka ana iya cewa ƙagaggen labarin Hausa da niyyar hutu aka haife shi.

Ruwan Bagaja ya cika ma'aunan nan uku. Jarumin labarin, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, kuma kusan kowane gari ya sauka sai ya haɗu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, su shirya wa juna tuggu. Kowace karawa tasu labari ce cikakkiya, mai farko da ƙarshe, kuma dariyar da ke cikinta tana kama yaro da dattijo. Littafin gajere ne, mako guda ya ishe shi.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, shi ne ginshiƙin wannan rukuni. A littafi na farko aku ne ke ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai dare bayan dare don ya hana shi fita daga fada ya faɗa tarkon Waziri. A na biyu gasar ba da labari ce tsakanin aku biyu, a na uku kuma akun yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana. Tsarin da kansa na hirar dare ne: labari ɗaya, zama ɗaya. Imam ya ɗebo wasu labaran daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, amma ya sa musu rigar Hausa har mai sauraro ba ya jin baƙunta. Gidan da ke da waɗannan littattafai uku yana da abin hira na damina guda.

Ga yara maza masu son jarumta akwai Ganɗoki, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi bai iya tafiya ba daga baya ya zama barde. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, yana ɗaukar yaro mai suna Kilba zuwa sararin samaniya, kuma ya dace da ɗalibin da ya fara son kimiyya.

Rukuni na biyu: littattafan tsakar gida

So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma marubuciyar ta daɗe tana zaune a Gusau, don haka Zamfarawa suna da rabo a cikinsa. Labarin Boɗaɗo ne, budurwa Bafulatana da ta nace wa auren Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba. A yankin da zaman Hausawa da Fulani ya shiga mawuyacin hali, littafin da ke sa mai karatu ya ji ciwon zuciyar 'yar Fulani kamar ta 'yarsa yana yin aikin da wa'azi kaɗai ba ya yi.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga zamanin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, inda marubuta ke buga littattafansu da kuɗinsu. An yi doguwar muhawara kan ingancinsu, Farfesa Abdalla Uba Adamu yana cikin waɗanda suka kare su. Gaskiyar magana ita ce akwai tsaba akwai ƙaiƙayi, kuma aikin mai ba da shawara shi ne sheƙewa.

Cikin tsabar akwai littattafai biyu na Balaraba Ramat Yakubu. Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin Rabi ne da Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro Delu, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta har Allah ya ɗaga 'yarta Saudatu. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. Wa Zai Auri Jahila? kuwa labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, ta gudu birni ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Matan Kaya da Bakura sun san Rabi, sun san Abu, domin suna zaune da irinsu. Littattafan biyu suna da ɗaci a tsakiya, amma suna ƙarewa da mace a tsaye da ƙafafunta, shi ya sa suka dace da hutu.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya ɗauki tsohuwar tambaya ta kuɗi da so: Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka ne, iyaye kuma sun fi son Abdulƙadir mai dukiya. Hirar masoya a cikinsa tana da zaƙi, kuma yana buɗe ƙofar tattaunawa tsakanin uwa da 'ya kan auren dole. Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa shi ma ya samu karɓuwa ƙwarai wajen matan aure.

Rukuni na uku: littattafan da ke bukatar shiri

Akwai littattafai masu daraja waɗanda ma'auni na uku ya sa a yi hattara da su a wannan yanki. Shaihu Umar labari ne na yaron da aka sace, aka bi da shi hamada, uwarsa ta fita nemansa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. A wani wuri ana karanta shi a matsayin tarihin zamanin bauta. A ƙasar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, aka kuma kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren Kaya ranar 1 ga Satumba na shekarar, uwar da ke sauraron wannan littafi tana iya jin labarinta ne ake karantawa. Ya kamata a karanta shi, amma wanda zai karanta wa jama'a ya fara sanin su waye a zaune.

Haka Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga littattafan gasar gwamnatin tarayya da aka buga a 1982, wanda ke bin Mailoma da gungun 'yan ta'addarsa bayan yaƙin basasa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo kuma ya nuna yadda birni ke haɗiye ɗan ƙauyen da ya bar gona. Waɗannan na manya ne, na majalisar malaman makaranta da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, inda za a karanta a yi muhawara kan yadda al'umma ke haifar da ɗan ta'adda.

Matsalar samun littafi

Shawara ba ta da amfani idan littafin ba ya hannu. Yau yawancin sababbin labaran Hausa a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da marubuta mata da yawa. Wannan ci gaba ne, sai dai yana rataye da caji da kuɗin data da layin sadarwa. A Satumbar 2021 an rufe makarantun Zamfara, an kuma katse layukan waya a jihar na tsawon makonni. Yara suna gida, babu aji, babu intanet. A irin wannan hali littafin takarda ne kaɗai ke ci gaba da aiki, kuma kwafi ɗaya yana iya zaga unguwa guda.

Saboda haka abin da ya fi sauƙi kuma ya fi amfani shi ne akwatin littattafai a kowace makarantar firamare da sakandare da Islamiyyar matan aure, a hannun malami amintacce da ke rubuta sunan mai aro. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan asalin yankin da ke aiki a Gusau da Sakkwato da Kano za su iya cika irin wannan akwati da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Akwai riba ta biyu: yaron da ke magana da karin harshen Zamfara a gida, idan ya saba karanta Imam a bayyane, daidaitacciyar Hausa da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO za ta zauna masa ba da wahala ba.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa sukunin mutumin wannan yanki a gutsure yake zuwa, kuma jama'arsa ta fi shan labari da kunne. A kan haka, jerin da ya dace shi ne a fara da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce don gida duka, a bi da So Aljannar Duniya da littattafan Balaraba da na Gidan Dabino don matasa da matan aure, a ajiye Shaihu Umar da Ƙarshen Alewa Ƙasa don zaman da aka shirya wa tattaunawa. Jama'ar da ta sha fargaba shekara da shekaru tana da haƙƙin dariya da hutun zuciya, kuma littafi yana cikin hanyoyi mafi araha na ba ta wannan haƙƙi. Yaran da aka karanta wa labarin wasu garuruwa yau, su ne ake sa ran gobe za su rubuta na Bakolori da manoman da suka rasa gonakinsu da rayukansu a 1980, da na Jangebe da Kaya, da harshen mutanen da abin ya shafa.