ZARE: Daga ina 'yar ƙaramar kwamfutar shagon fotokofi ta fito?

1/ Ka shiga shagon buga takardu a Gwandu, ko waɗanda ke bakin jami'armu a Kalgo, za ka ga 'yar baƙar kwamfuta kwance ƙarƙashin allo, an rubuta Dell, HP ko Lenovo. Galibinsu gwanjo ne. Kafin ka zuba kuɗin alawus ɗinka ka sayi irinta, zo ka ji tarihinta.

2/ A watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur. Saboda sauri, bai ƙera dukkan kayanta da kansa ba: ya sayi ƙwaƙwalwa wajen Intel, manhaja wajen Microsoft. Ya bar ramuka biyar a ciki don a riƙa soka ƙarin kaya, ya kuma buga bayanin yadda aka haɗa ta.

3/ Nan fa wasu kamfanoni irin su Compaq suka kwaikwaya, kasuwa ta kuɓuce wa IBM. Mu ne muka ci ribar. Dalilin da ya sa yau za ka cire RAM na wani kamfani ka soka a na wani ya yi aiki ke nan.

4/ Sai dai akwatunan lokacin manya ne, kamar ƙaramar adakar kaka. A 1995 Intel ya kawo ma'aunin ATX. A 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fito da Mini-ITX, allon ciki mai faɗin santimita 17 kowane gefe. Apple ya biyo da Mac mini a 2005, ba allo, ba madannai, sai ka nemi naka.

5/ Amma ba waɗannan ne suka cika shagunanmu ba. Na ofis ne. Bankuna da ma'aikatu a Turai da Amurka kan sayi ɗaruruwa lokaci guda, bayan 'yan shekaru su canja. Tsofaffin su shigo kwantena zuwa Legas, su bi ta Ikeja, su hau Kano ko Sakkwato, su iso mu.

6/ Da JAMB ta fara jarabawa a kwamfuta a 2013, ta koma kwamfuta zalla a 2015, buƙata ta ƙaru. Da yawanmu a ɗakin jarabawar nan muka fara riƙe linzami da gaske, hannu na rawa.

7/ To ga inda gizo ke saƙar. Da aka matse akwatin, kamfanoni sun sake rufe ƙofar da IBM ya buɗe. Gidan wutar da ke cikin yawancin ƙananan nan siffarsa daban, wayarsa daban. In ya ƙone, na kasuwa ba zai shiga ba, sai ka nemo irinsa sak. Katin hoto kuma sai gajere, wanda ba ya neman ƙarin waya, kamar GT 1030. Dogo ko murfin ba zai rufu ba.

8/ Abin da har yanzu ke hannunka: RAM da ma'ajiya. Tawa OptiPlex ce. Na cire tsohon faifai mai juyawa na sa SSD, na kai RAM 16GB daga 4GB. Wallahi kamar an canja ta. Ka dai duba ko DDR3 take ci ko DDR4, don tsagar bakinsu ba wuri ɗaya take ba, ba ya shiga ko da ƙarfi.

9/ Ni a ganina wadda ta fi dacewa da Kabi ita ce mafi ƙanƙanta, irin Lenovo Tiny, girmanta kamar littafi mai kauri. Caja take amfani da ita irin ta laftof, yawanci wat 65. Ƙaramar sola da batir ɗaya sun ishe ta in an ɗauke wuta. Masu son wasan ƙwallo mai nauyi dai su yi haƙuri, ba nasu ba ce.

10/ Maƙiyanta biyu ne, ƙurar hunturu da zafin Afrilu. Fanka ɗaya ce ƙarama, in ta toshe sai ka ji tana kuka kamar injin niƙa. Buɗe ta ka hure duk bayan 'yan watanni.

11/ Abin da ya sa na yi zaren yanzu: Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana son Intel zubi na 8 zuwa sama. Ofisoshin waje na ta sallamar na 6 da na 7, kuma kun san inda za su sauka.

12/ Don haka in mai shago ya ce maka "i5 ce, ranka ya daɗe", tambaye shi lambar gaba. i5-6500 zubi na 6 ce, i5-8500 na 8. Tsohuwar ma tana aiki lafiya, musamman in za ka sa mata Linux, amma kar a karɓi kuɗin sabuwa a hannunka.