Makarantun Midil da Zaɓen Yara Masu Hazaƙa a Nijeriya ta Arewa

Tun kafin zuwan Turawa malaman ƙasar Hausa sun san yara ba su zama ɗaya ba wajen fahimta. Amma a makarantar allo wannan bai zama abin damuwa ba, gama kowane yaro da allonsa. Wanda ya riƙe karatunsa sai ya wanke, a rubuta masa na gaba, ba ya jiran kowa. In ya sauke sai ya shiga littattafai, in kuwa ya ƙure malaminsa sai a sallame shi ya nemi wani, ko da a wani gari ne. Sai da makarantar boko ta zo da aji, watau yara da yawa gaban allo ɗaya, ana ciyar da su gaba shekara shekara, sa'an nan aka fara tambaya, yaron da ya tsere wa 'yan ajinsa yaya za a yi da shi?

Hanya biyu ce. Ko dai a bar shi cikin 'yan'uwansa a riƙa ƙara masa aiki mai zurfi, ko kuwa a ɗauke shi a gama shi da irinsa a wata makaranta dabam. A Nijeriya ta Arewa hanya ta biyu aka bi tun farko, abin da ya sa ta yi albarka kuwa shi ne, waɗanda aka ɗauka ɗin an komo da su inda suka fito.

A 1909 ne Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka yi ta buɗe makarantun lardi, amma ba isassun malamai. Don haka aka kafa Kwalejin Katsina, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Daga makarantun lardi ake tsamo waɗanda suka fi ƙoƙari, a kai su Katsina su yi shekara biyar suna koyon Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da hanyar koyarwa.

A 1929 aka gama Ma'aikatar Ilmi ta Arewa da ta Kudu, aka naɗa E. R. J. Hussey Darekta. Shi ne ya raba karatu hawa uku, Elementare da Midil da Babbar Kwaleji. Makarantun lardi suka zama Midil, makarantun kwana a manyan garuruwa, En'e ke riƙe da su. A yawancin lardunan da Hausa ake koyarwa a Elementare, sai a Midil yaro ke shiga Ingilishi sosai. Ta haka rariya ta zama biyu: a tace 'yan Elementare a sami 'yan Midil, a kuma tace 'yan Midil a sami 'yan kwaleji.

Kada a zaci hazaƙa kaɗai ke kai yaro bakin rariyar farko. Da fari 'ya'yan sarakuna da na malamai aka fi nema, iyaye da yawa kuma ɓoye 'ya'yansu suke yi don ƙin boko. Duk da haka wanda ba daga gidan sarauta ya fito ba yakan wuce, kamar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

In aka bi sawun waɗanda suka gama, sai a ga inda amfanin tsarin yake. Ahmadu Bello ya bar Katsina a 1931, ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Abubakar Imam ya gama a 1932, ya zama malami a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Midil ta Bauchi, har ya zama hedimasta. Bayan an ta da kwalejin zuwa Kaduna a 1938 ba a bar wannan al'ada ba: Aminu Kano ya gama a 1942 ya tafi Midil ta Bauchi, Shehu Shagari kuma ya koyar a Midil ta Sakkwato inda ya yi karatu. Ashe ke nan ajin da aka raba da gwaninsa bai yi hasara ba, bashi ya bayar, aka biya ƙannensa da malami.

Harshen Hausa ma ya ci moriyar abin. Sa'ad da Rupert East ya sa gasar rubuta littattafan hira a 1933, Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja da Tafawa Ɓalewa da ya rubuta Shaihu Umar duk malaman Midil ne, Malam Bello Kagara mai Ganɗoki kuwa ya koyar a Kwalejin Katsina.

Amma fa tsarin yana da aibi uku. Na farko, ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kwaleji ɗaya ga larduna duka, saboda haka yara masu kai da yawa a Midil suka tsaya. Na biyu, 'yan mata ba su cikin lissafi, ko da yake an buɗe musu makarantu a Kano da Katsina a 1930. Na uku, an yi wa karatun rufi, gama malamai da ma'aikatan En'e ake nema, ba masu shiga jami'a ba. Sa'adu Zungur ya tafi Babbar Kwaleji ta Yaba a 1934, amma irinsa ba su da yawa, kuma da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948 'yan Arewa kaɗan ne suka sami shiga.

A 1949 kwalejin ta koma Zariya, ita ce aka sa wa suna Barewa a 1971. Cikin shekarun 1950 aka rushe tsarin Midil, makarantun suka zama sakandaren lardi. Ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa, ta Zariya kuwa Alhudahuda. A shekarun nan ne kuma siyasa da aikin gwamnati suka janye da yawa daga cikin manyan malaman nan daga aji.

Dabarar tsamo gwanaye ba ta mutu ba. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓo musu yara da jarrabawa daga sauran makarantun sakandare. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar yara masu baiwa a Suleja. Bambancinsu da Katsina shi ne, ba don su komo aji aka horar da waɗannan yara ba, likitoci da injiniyoyi da irinsu ake so.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, abin lura a nan biyu ne. Duk makarantar da za ta tattara gwanaye, ya kamata a tambaya me za ta mayar wa makarantun da aka kwaso su. Sa'an nan kuma, tun da yake masu hazaƙa kullum sun fi kujerun da aka tanada musu yawa, wajibi ne a koya wa sabon malami yadda zai ba yaro aiki gwargwadon kansa a cikin aji ɗaya, kamar yadda malamin allo yake yi tun dā.