Daga Fura zuwa Indomie: Tarihin Abincin Gaggawa a Ƙasar Hausa

Sau da yawa nakan ji ana maganar abinci mai saurin haɗawa kamar wani baƙon abu ne da zamani ya kawo mana a cikin leda. Tarihi bai nuna mini haka ba. Bahaushe manomi ne, bafatake ne, almajiri ne mai tafiya neman ilimi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke da lokacin zaman jiran tukunya. Saboda haka tun da daɗewa ya tanadi abin da zai ci cikin hanzari, da kuɗi kaɗan, ya kuma riƙe masa ciki wuni guda.

Tushen wannan tanadi shi ne gero da wake. Masu binciken kayan tarihi sun sami shaidar noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Daga gero aka sami fura, wadda Bajamushe Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ambata a labarin tafiyarsa. Fatake masu bin hanyar Gwanja ba sa bukatar hura wuta kafin su sha ta: a dama da nono, in babu nono a dama da ruwa. Wake kuwa ya ba mu ɗanwake. Ana kwaɓa garinsa da kuka da ruwan kanwa, a jefa cikin tafasasshen ruwa, ba da jimawa ba a tsame, a sa mai da yaji.

Wasu kayan da muke ɗauka namu ne tun fil azal baƙi ne. Gyada, rogo, masara, barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma sai daga ƙarni na 16 suka fara isowa Afirka ta jiragen Turawa. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, noman gyada ya bunƙasa, man gyada da ƙuli-ƙuli suka wadata. Kwaɗon zogale da na rama da na garin rogo duk sun amfana da wannan yalwa.

A nan nake ganin sirrin al'amarin. Saurin da ke cikin waɗannan abinci an riga an biya kuɗinsa da gumin mata. Kafin fura ta zama dunƙule an yi surfe, an yi daka, an dafa, an kirɓa. An shanya kuka da kuɓewa tun da kaka. Daddawa kuwa sai an dafa kalwa, an wanke, an rufe ta kwana da kwanaki kafin ta yi. Aikin yana gaba, girkin ne kaɗai ke da sauri.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya sauya tsarin. Da ƙarin albashin Udoji na 1974, shinkafar waje da burodi suka zama abincin yau da kullum a birane, dunƙulen Maggi, wanda asalinsa na ƙasar Suwizalan ne, ya fara ture daddawa daga miya. Da aka shiga matsin shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, nama ya yi wa talaka nisa, sai wake ya sake rufa asiri a kwanon garau-garau. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara shigo da Indomie daga Indonesiya, a tsakiyar shekarun 1990 kuma aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun. Teburin mai shayi ya isar da ita kowace unguwa.

Aikin da ake yi a turmi ya koma masana'anta, kuma wannan hutu ne da babu mai adalcin da zai raina. Sai dai abin da ke cikin ledar galibi fulawa ce da mai da gishiri. In ba a ƙara ƙwai ko ganye ba, yaro zai ƙoshi amma jikinsa bai ginu ba. Haɗin hatsi da wake, ko gero da nono, kowane yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki, abin da masana abinci suka tabbatar bayan kakanninmu sun daɗe suna aiki da shi. A yankin da tamowa ke ci gaba da kwantar da yara, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ba ina kira a mayar da mata bakin turmi ba ne. Injin niƙa ya riga ya ɗauke wannan wahala. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne dabarar yin aiki tun da wuri: a niƙa garin ɗanwake na mako guda, a ajiye busasshen zogale da dakakken ƙuli-ƙuli, a tanadi yaji da daddawa. Gidan da ya yi haka zai sauke abincin rana cikin ƙasa da rabin awa, da kayan da aka noma a gonakinmu, a farashin da aljihun talaka zai iya ɗauka.