Kufai Mai Magana: Nazarin Farin Jinin Labaran Al'ajabi na Bayan Rushewar Duniya

Tsakure

Ƙagaggun labaran da ke haɗa sihiri da duniyar da ta tsira daga wata gagarumar halaka sun sami karɓuwa sosai tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An saba danganta hakan da tsoron makaman nukiliya, amma tsoro kaɗai ba ya riƙe mai karatu har shafi ɗari biyar. Duba ayyukan Miller da Brooks da Miyazaki da Jemisin da Okorafor ya nuna cewa ƙarfin waɗannan labarai yana cikin kufai, wato yadda suke mayar da zamanin mai karatu ya zama tsohon tarihin da taurarin labari ba su gane ba.

Ma'ana da Asali

Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan halaka da ita ta fito ne daga Girkanci, kuma asalin ma'anarta yaye lulluɓi. Idan aka fassara ta da “tashin duniya” za a rikita mai karatu, domin a fahimtar Musulmi tashin Ƙiyama ba ya barin kowa a doron ƙasa, balle a sami jikokin da za su ci gaba da noma. Abin da ake nufi ya fi kusa da ɗufanar zamanin Annabi Nuhu, ko halakar Adawa da Samudawa: al'umma ta tafi, gidajenta sun rage, wasu mutane kuma suna wucewa ta gefensu. Bahaushe yana da kalma guda da ta tattara wannan duka, wato kufai, kuma ba tun yau ba yake ɗaukar kufai a matsayin mazaunin aljanu.

A adabin Turai, Mary Shelley ta wallafa The Last Man a 1826, inda annoba ta share bil'adama a ƙarshen ƙarni na 21. Richard Jefferies ya biyo baya da After London a 1885, ya mayar da babban birnin Ingila fadama mai guba, mutane kuma suka koma zaman sarauta da takubba. Amma nau'in bai bunƙasa ba sai bayan da aka jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, aka ƙara wani a Nagasaki bayan kwana uku. Daga nan halakar duniya ta bar hannun ƙaddara mai nisa ta shiga hannun 'yan siyasa da janar-janar, kamar yadda rikicin makamai masu linzami na Kuba ya tabbatar a Oktoban 1962. Susan Sontag, a maƙalarta ta 1965 kan finafinan bala'i, ta lura cewa irin waɗannan labarai suna saba wa mutane da abin da bai kamata a saba da shi ba. Ta yi gaskiya, sai dai bayaninta bai amsa dalilin da ya sa marubuta suka riƙa cusa bokaye da dodanni cikin duniyar da bam ya ƙone ba.

Mai Karatu Ya Fi Tauraro Sani

A labarin al'ajabi na gargajiya, irin na Tolkien, tsohon tarihin duniyar baƙo ne ga mai karatu, sai marubuci ya koya masa shi. A labarin bayan rushewa abin ya juya. Tsohon tarihin shi ne rayuwar mai karatu ta yau, da titinta da wayarta da kantinta. Tauraro zai tsinci wani abu cikin ƙasa ya yi ta jujjuya shi da tsoro, mai karatu kuwa ya gane shi nan take. Wannan tazarar sani ita ce gishirin nau'in.

Babu wanda ya sarrafa ta kamar Walter M. Miller Jr. a A Canticle for Leibowitz na 1959. Littafin ya fi karkata ga ƙagaggen labarin kimiyya, amma shi ya shimfiɗa tabarmar da marubutan al'ajabi suka zauna a kai. Shekara ɗari shida bayan yaƙin nukiliya, wasu limaman Katolika a hamadar kudu maso yammacin Amurka suna adana ragowar rubuce-rubucen da fusatattun mutane ba su ƙone ba. Wani matashi cikinsu ya tono takardun waliyyinsu, ciki har da jerin kayan cefane da zanen haɗin wayoyin lantarki. Ya shafe shekara goma sha biyar yana kwafar zanen, yana yi masa zayyana da ruwan zinare, ba tare da ya san amfaninsa ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake zayyana allo ba zai raina wannan aiki ba, domin girmama rubutu ne ya tsirar da ilimin har aka sami masu fahimtarsa. Miller kansa yana cikin ma'aikatan jiragen yaƙin da suka yi ruwan bam kan tsohon gidan ibadar Monte Cassino a Italiya a 1944, kuma nauyin wannan yana bayyana a littafin, wanda ya ƙare da wani sabon yaƙin nukiliya.

Daga nan hanya gajera ce zuwa sihiri. Na'urar da aka manta yadda take aiki, mai riƙe da ita boka ne a idon jama'a. Jack Vance ya gina The Dying Earth na 1950 a kan haka, inda masihirta ke haddace ragowar ilimin da babu mai iya ƙirƙirar irinsa kuma. Terry Brooks, a The Sword of Shannara na 1977, ya ce dodanni da gajerun mutanen duniyarsa jikokin 'yan Adam ne da manyan yaƙe-yaƙe suka sauya wa halitta. Littafin ya yi kasuwa, ko da yake kufan da ke cikinsa ado ne kawai, ba ya ɗauke da nauyin labarin.

Kwaɗayin Sabon Farawa

Akwai wani dalili da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Rushewa tana share bashi da haya da layin ofis, ta bar mutum da ruwa da wuta da 'yan'uwa. Ga wanda rayuwar birni ta gajiyar, wannan sauƙi yana da daɗi, kuma mutum ɗaya yana iya sauya makomar jama'a da hannunsa. Brian Aldiss ya soki wannan ɗabi'a a 1973, yana nuni da The Day of the Triffids na John Wyndham, inda duniya ke mutuwa amma tauraro na samun gida da mata da kwanciyar hankali. Sukar tana kan hanya. Labarin da ya kashe miliyoyin mutane don kawai ya buɗe wa jarumi fili yana koya wa mai karatu lissafa kansa cikin masu tsira, alhali mafi yawan mutane a irin wannan rana cikin gawarwaki za su kasance.

Ayyukan da suka fi daraja su ne waɗanda suka ƙi wannan arha. A Nausicaä na Hayao Miyazaki, wanda ya fara fitowa a zane a 1982 kuma ya zama fim a 1984, shekara dubu ta wuce bayan kwana bakwai na wuta, daji mai guba da manyan ƙwari sun mamaye ƙasa. Tauraruwar labarin, wata yarinya, ta gano cewa tsirran dajin ba su da guba idan aka shuka su da ruwa mai tsabta, kuma dajin da ake son ƙonewa shi ne ke tace dattin da mutane suka bari. Gubar ma'adinin zaiba da ta lalata mashigin ruwan Minamata a Japan tana cikin abubuwan da suka zaburar da Miyazaki.

Waɗanda Duniyarsu Ta Riga Ta Rushe

Babban sauyin ƙarni na 21 ya zo ne daga marubutan da suka tambayi duniyar wa ake cewa ta ƙare. N. K. Jemisin, Ba'amurkiya baƙar fata, ta fara jerin littattafanta uku da The Fifth Season a 2015. A nahiyar da labarin ke faruwa, girgizar ƙasa tana kawo halaka a kai a kai, masu baiwar kwantar da ita kuma su ne bayin da ake tsana ake kuma amfana da su. Ga uwar da mijinta ya kashe ɗansu saboda wannan baiwa, duniya ta ƙare tun kafin toka ta rufe rana. Littattafan uku sun ci lambar Hugo a jere, a 2016 da 2017 da 2018, abin da wani marubuci bai taɓa yi ba kafin ita.

Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka ga iyaye 'yan ƙabilar Ibo, ta kai nau'in yankin Sahara. The Shadow Speaker na 2007 yana faruwa ne a Nijar a shekarar 2070, bayan yaƙin da ya saki sihiri cikin duniya, tauraruwarsa kuma yarinya ce mai jin maganar inuwa. A Who Fears Death na 2010 fagen Sudan ce ta nan gaba, inda tsofaffin kwamfutoci ke jibge cikin kogo, wata ƙabila kuma tana kafa hujja da littafi mai tsarki don murƙushe wata. Tauraruwar, Onyesonwu, an haife ta ne sakamakon fyaɗen yaƙi, kuma marubuciyar ta bayyana cewa wani rahoton jarida na 2004 kan matan Darfur ne ya tayar mata da labarin. A nan sihiri ba mafaka ba ce daga gaskiya, domin halakar da ake bayarwa ta riga ta faru ga mutanen da ke raye. Littafin ya ci babbar lambar duniya ta labaran al'ajabi a 2011.