Ƙaro da Yauƙi: Tarihin Sanin Bangon Ƙwayar Tsiro Daga Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin abubuwa biyu da mutanen Guddiri suka daɗe da sani, wato ƙaro da yauƙi, tare da nuna yadda masana kimiyyar tsirrai suka gano asalinsu. Kowace ƙwayar halitta ta tsiro tana kewaye da bango. Ginshiƙin bangon shi ne zaren selulos, amma abin da ke riƙe zaren, yake kuma manna ƙwaya da 'yar'uwarta, shi ne wani sinadari mai danƙo da ake kira fektin, tare da wasu nau'o'in furotin. Yauƙin kuɓewa fektin ne mai ɗauke da ɗan furotin. Ƙaro kuwa dangi ne na kusa.

2.0 Ƙaro a ƙasar Katagum

Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, bayan ya karɓi tutar jihadi, kuma ya rasu a 1814. Garin yana kan hanyar fatake da ta haɗa Borno da Kano, ƙasar kuwa ta itatuwan ƙaya ce, irin su ɗakwara da bagaruwa da farar ƙaya. Ɗakwara ce ke ba da ƙaro mafi daraja. Idan kaka ta wuce, ganye ya fara zuba, sai a tsaga ɓawon itacen, a bar shi makonni huɗu zuwa shida, sannan a dawo a tsinci ƙaron da ya tsattsafo ya daskare. Itacen yana fitar da shi ne domin toshe rauninsa.

Babban amfanin ƙaro a wancan zamani yana wajen malamai. Tawadar allo baƙin gawayi ne ko na tukunya, kuma shi kaɗai ba ya zama a ruwa, sai ya kwanta a gindin kurtu. Ƙaro ne ke riƙe shi a cikin ruwan, ya sa ya bi alƙalami, ya kama allo idan ya bushe. Da yake kuma ƙaro yana narkewa a ruwa, ana iya wanke allon a sake rubutu, ko a sha. Ke nan karatun allo da rubutun sha duka sun dogara a kan wannan ɗabi'a guda.

A watan Janairu na 1824 wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa, zamanin Sarki Ɗan Kauwa. Oudney, wanda yake tattara tsirrai a kan hanya, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a ranar 12 ga watan. Tsirran da ya tara sun isa hannun Robert Brown, wanda ya yi bayaninsu a 1826, kuma shi ne a 1831 ya raɗa wa cibiyar ƙwayar tsiro sunan da ake kiran ta da shi a kimiyya har yau. Shekara guda bayan rasuwar Oudney, wato a 1825, Henri Braconnot na Faransa ya ware sinadarin da ke sa ruwan 'ya'yan itace ya daskare, ya ba shi sunan da ya zama fektin, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ya sandare. A 1916, shekarar da aka mayar da fadar Katagum zuwa Azare, J. M. Dalziel ya wallafa ƙamusunsa na sunayen tsirrai a Hausa. Aiki ne mai amfani ƙwarai, sai dai sunan itace ya fi damun masu irin wannan aiki fiye da kalmomin da ke siffanta abin da itacen ke fitarwa.

3.0 Abin da kimiyya ta gano

An daɗe ana ɗaukar bangon ƙwaya tamkar busasshen akwati. A 1960 Derek Lamport da Donald Northcote a Kambirij suka nuna cewa akwai furotin a jikinsa. A 1973 aka bayyana yadda sinadarin kalsiyam ke shiga tsakanin zaren fektin biyu ya ɗaure su, bangon ya yi tauri. Matsalar da ta rage ita ce ta girma: ƙwaya tana kumbura da ruwa, dole bangon ya saki don ta miƙe, amma in ya saki da yawa sai ta fashe. A 1992 Daniel Cosgrove da abokan aikinsa suka gano furotin da ke sassauta bangon. A 2023 kuwa masana a Jami'ar Lozan ta Suwizalan suka nuna cewa a bututun da ƙwayar garin fure ke miƙawa, wasu furotin biyu, RALF4 da LRX8, suna haɗuwa su kama fektin, su shirya shi kamar saƙar raga, kuma idan babu wannan saƙa bututun fashewa yake yi.

Shi ma ƙaro an tsefe shi. Binciken ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa furotin da ke cikin ƙaron ɗakwara bai wuce kimanin kashi 2 cikin ɗari ba, amma wannan ɗan kaso, da ke ɗaure da rassan sukari, shi ne ke hana mai rabuwa da ruwa. Dalilin da ya sa masana'antun lemon kwalba ke sayen sa ke nan.

A madafi ma ana ganin aikin fektin. Mace a Azare da ta jefa kanwa a tukunyar wake tana warware fektin da ya manne ƙwayoyin waken ne, shi ya sa yake saurin nuna. Abu mai tsami kuwa akasin haka yake yi, yana sa wake ya ƙi dahuwa.

4.0 Batun ƙirƙirar kalmomi

Nan ne abin ya shafi masana harshe. Hausa ta bambanta ƙaro, wanda yake abu ne da ake gani a tsinta, da yauƙi, wanda yake siffa ce ta santsi da jan zare, da kuma danƙo, siffar mannewa. Mai fassara littafin kimiyya zai iya jarabtuwa ya kira fektin ƙaro, kuma hakan kuskure ne, domin ƙaro sukari ne mai rassa da ke ɗaure da furotin, wanda itace ke fitarwa waje, fektin kuwa yana cikin bangon kowace ƙwaya mai girma. "Sinadarin yauƙi" ya fi kusa, ko da yake shi ma bai cika ba, tun da fektin ɗin lemo daskarewa yake yi, ba ya jan zare. Abin da ya fi dacewa shi ne a ari fektin a matsayin suna, a bar yauƙi da danƙo su bayyana halinsa, a kuma keɓe ƙaro ga abin da ake tsinta a jikin ɗakwara da danginta.