Cutar HIV a Birtaniya: Halin da ake ciki a unguwar Peckham

Unguwar Peckham, wadda ake wa laƙabi da "Ƙaramar Legas" saboda yawan 'yan Najeriya, tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Southwark a kudancin Landan. Southwark da maƙwabciyarta Lambeth su ne kan gaba a Ingila wajen yawan masu ɗauke da cutar HIV mai karya garkuwar jiki, idan aka auna da adadin mazauna.

A faɗin Birtaniya, fiye da mutum 100,000 ne ke rayuwa da cutar. Mace-mace sun ragu matuƙa tun 1996 da aka fara haɗa magunguna masu danne ƙwayar cutar, kuma gwamnati na fatan dakatar da yaɗuwarta a Ingila nan da 2030.

Inda gizo ke saƙar shi ne jinkirin gwaji. Hukumomin lafiya na kiran mutum wanda ya makara idan ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 sun gaza 350 lokacin da aka gano cutar, kuma irin waɗannan ne suka fi fuskantar mutuwa a shekarar farko. Matsalar ta yi ƙamari tsakanin 'yan asalin Afirka, maza da mata, saboda tsangwama da fargabar jami'an shige da fice, alhali tun 2012 magani kyauta ne ga kowa a Ingila, ko da takardunsa ba su cika ba.

Shi ya sa asibitin King's College da ke kusa da Peckham yake gwada HIV a jinin da aka ɗiba a sashen gaggawa, sai dai in majinyacin ya ce bai yarda ba.