Fibi: Ma'anar sunan da asalinsa a tatsuniyoyin Girka

Fibi sunan mata ne da ba kasafai ake raɗa shi ba a Arewacin Najeriya. An fi jin sa tsakanin Kiristoci a garuruwa irin su Agyaragu, kusa da Lafia a Jihar Nasarawa, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da na sujada. A takardun makaranta ana rubuta shi Phoebe.

Sunan ya fito daga kalmar Girkanci “phoibos”, wato mai haske ko mai tsarki. Ta fuskar ma'ana ya yi kusa da Nuratu da Munira.

A tatsuniyoyin Girkawan dauri, Fibi 'yar Uranus ce da Gaya, wato sama da ƙasa, tana kuma cikin tsofaffin gumakan da ake kira Taitan. Mawaƙi Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ita ta haifi Leto, uwar Afolo da Atemis. A wani wasan kwaikwayo na Eskilus kuma, ita ce ta ba jikanta Afolo wurin duba na Delfi kyauta.

Sai dai ba ta wannan hanya sunan ya iso mana ba. Ya shigo ne ta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. A sura ta 16 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Bulus ya yabi wata Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, kusa da Koranti, saboda taimakon da ta yi wa mutane da yawa. Malamai da dama na ganin ita ta kai wasiƙar Roma. Ita ce takwarar da iyaye suke nufi, abin da ke kwantar da hankalin masu tsoron alaƙar sunan da gumaka.

Ɗaya daga cikin watannin duniyar Zuhal, wanda William Pickering ya gano a 1899, shi ma yana ɗauke da sunan.

Ya kamata iyaye su tsayar da rubutu ɗaya, Fibi ko Phoebe, tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin saɓani tsakaninta da rajistar NIN kan jawo wa yarinya cikas wajen jarrabawa da buɗe asusun banki.